Faskaren Itace: Gatari Ko Inji, Wanne Ya Dace Da Aljihunmu?

Duk wanda ya taɓa kwana a Sabon Birni ko Isa cikin hunturu ya san ƙarar da takan tashe shi da sassafe, wato ƙarar gatari a kan gungume. A wannan yanki na ƙasar Gobir, inda Jihar Sakkwato ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, itace, ko icce kamar yadda mutanen wurin suke faɗa, shi ne abin girkin yawancin gidaje. Kafin tukunya ta hau murhu, sai an yi faskare.

Yanzu kuwa akwai injin da yake tsaga gungume ba tare da an ɗaga gatari ba. A ce wata zumuntar mata ta tara kuɗin adashi na shekara guda, tana so ta rage wa mambobinta wahala. Shin injin za ta saya, ko kuwa akwai abin da ya fi shi? Wannan ita ce tambayar da muke so mu duba tare, 'yan'uwa, gama kuɗin da aka tara da gumi bai kamata ya ƙare a kan ƙarfen da zai kwanta yana tsatsa a zaure ba.

Abin da ya sa maganar ta taso

A dā yara da mata sukan shiga daji su tsinto ƙirare, su dawo kafin rana ta take. Rashin tsaro ya canja wannan. Tun daga 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi don gudun 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. Dajin da ake tsintar itace ya zama wurin tsoro.

Sai ga tsadar mai. Kafin a janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai Naira 200 a farashin gwamnati ba. Kafin ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin ɗauko itace ya tashi, kananzir da gas kuma sun fi ƙarfin talaka. Saboda haka gungume da kututture, waɗanda a dā ake rainawa, sun zama dukiya ga wanda yake da abin tsaga su.

Injunan da ake da su

Yawancin injunan faskare aikinsu iri ɗaya ne: famfo yana tura mai da ƙarfi, man yana tura sandar ƙarfe, sandar kuma tana danna gungumen a kan kaifi har ya dare. Ana auna ƙarfinsu da tan.

Na farko shi ne ƙarami mai aiki da lantarki, mai ƙarfin tan 4 zuwa 7. Ya fi sauran masu mota araha, amma yana jan wuta sosai, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa. Inda wuta ba ta da tabbas, mai shi zai riƙa kallonsa ne kawai.

Na biyu shi ne babba mai shan fetur, mai ƙarfin tan 20 zuwa sama. Wannan zai tsaga ƙirya da tsamiya. Amma ban da kuɗin sayensa akwai fetur, da man famfo, da tiyo da robobi waɗanda zafi da ƙura suke cinyewa. Idan ɗaya ya lalace, sai an nemo shi daga Sakkwato ko Kano.

Na uku ba ya shan komai. Firam ne na ƙarfe da jak irin na ɗaga mota, ana buga shi da hannu. Mai walda da ya san aikinsa zai iya haɗa shi, bakaniken gari kuma zai iya gyara jak ɗin. Aibinsa jinkiri ne, amma tsoho ko mace za su iya aiki da shi ba tare da ciwon baya ba.

Akwai abu guda da mai sayarwa ba lallai ya gaya mana ba. An ƙera waɗannan injuna ne domin Turai da Amurka, inda ake yanka miƙaƙƙen itace gunduwa-gunduwa da zarto mai inji, bakinsa a daidaice. Namu itacen karkatacce ne, mai gaɓoɓi, da gatari aka saro shi. Wanda ya sayi injin faskare zai tarar yana bukatar zarto kuma. Kuɗi ya zama biyu.

Kada mu raina maƙera

Ƙasar Gobir ba baƙuwar ƙira ba ce. Ga gida ɗaya, ko gidaje biyar da suka haɗa kai, kaya uku sun isa: gatarin faskare, da ƙarafa biyu masu bakin tsini da ake kafawa a tsaga, da babbar guduma mai nauyin kilo 3 ko 4. Maƙeri zai iya yin su, ya kuma gyara su in sun dakushe.

Idan muka je saye, mu tuna gatarin sara dabam, na faskare dabam. Na sara siriri ne, yakan nutse ya maƙale. Na faskare ruwansa mai kauri ne da nauyi, yana buɗa itacen yayin da yake shiga. Mu tambayi irin ƙarfen, gama na tsohon sifirin mota ya fi riƙe kaifi. Mu duba ƙota, ta zama busasshiya, marar tsaga, ta itace mai tauri kamar aduwa. Araha ba ta ado: gatarin da ruwansa zai fice daga ƙota yana iya jawo kuɗin asibitin da ya ninka kuɗinsa.

Dabara ta fi ƙarfi

A rage tsawon gungume zuwa kamu ɗaya. A ɗora shi a kan wani kututture, kada a kan yashi, don yashi yana shanye ƙarfin sara. A nemi inda ya soma tsagewa a bi nan. Babban gungume daga gefe ake fara ɓare shi, ba daga tsakiya ba. Wurin gaɓa kuwa aikin ƙarfe da guduma ne. Tsohuwar tayar mota da aka zura gungumen a ciki takan hana faskaren tsalle. A kori yara nesa. Idan kan ƙarfen ya baje saboda duka, a goge shi da magagari, domin ɓarɓashinsa yana iya tsiyayar da ido.

Bayan faskare sai shanya. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 yake ci da kyau. Ɗanye hayaƙi yake yi, hayaƙi kuwa cuta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2 a 2020. Uwa da goyonta su ne a bakin murhu.

Darasi daga maƙwabta

A tsallaken iyaka, a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura a 1983 cewa kututturan da ke gonaki suna da rai. Manoma suka soma barin 'yan rassa masu ƙarfi su girma, suna datse sauran. Wannan shi ne sassaben zamani. An ƙiyasta ya farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. Reshen da aka datso a gonar bayan gari ba ya bukatar inji, ba ya kuma bukatar shiga daji.

To, wa zai sayi inji?

Mai gidan burodi, da makarantar kwana, da mai sayar da itace mota-mota, su ne za su iya mai da kuɗinsu. Su ma sai sun yi lissafi: nawa suke biyan masu faskare a wata, nawa kuma mai da gyara za su ci? Kada su saya sai an gwada injin a gabansu da irin itacen garinsu, sai kuma sun san inda za a samu kayan gyaransa.

Ga zumuntar matan da muka yi misali da ita, shawararmu ita ce su sayi kayan maƙera masu kyau a riƙa karɓa-karɓa, su ƙara da na jak idan kuɗi ya kai. Ragowar su sayi gungume da rani su faskara su adana kafin damina. Kada kuma mu manta da mai yawo da gatari a kafaɗa yana neman aikin faskare. Wataƙila gonarsa ya baro a ƙauye saboda tashin hankali. Ladan da muka ba shi shi ne tuwon 'ya'yansa na daren nan.