Shiri na Musamman: Hanyar Ƙauye da Dokokin Kuɗin Hanya

 Yau za mu tattauna a kan dokokin da gwamnatin tarayya ke kafawa domin samar da kuɗin gina hanyoyi da gyaransu, da kuma yadda waɗannan dokoki ke shafar ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi kusa da talaka, su ne kuma yake fara dosa da ƙorafi duk ran da ruwa ya cinye kwalbatin garinsu.

Tun zamanin Turawa aka kasa hanyoyin ƙasar nan kashi uku, kason nan kuwa bai sake ba har yau, sai dai sunayen masu riƙonsa da suka sauya. Manyan hanyoyin da ke haɗa jiha da jiha, irin wadda ta taso daga Kano ta bi Zariya da Kaduna ta shiga Abuja, na gwamnatin tarayya ne. Waɗanda ke haɗa manyan garuruwan cikin jiha na gwamnatin jiha ne. Sauran kuwa, wato hanyoyin burji da ke kai manomi kasuwa, su kai mai naƙuda asibiti, suna wuyan ƙananan hukumomi 774. An ƙiyasta tsawon hanyoyin Nijeriya baki ɗaya ya kai kimanin kilomita 195,000, na tarayya a ciki bai wuce wajen kilomita 35,000 ba, alhali kusan kashi 2 cikin 3 na jimillar yana hannun ƙananan hukumomi. Jadawali na 4 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ambata a fili cewa gina hanyoyi da tituna da magudanan ruwa da fitilun kan titi, da kula da su, yana cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

To, malaman usulu suna da wata ƙa'ida, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Idan doka ta wajabta wa ƙaramar hukuma riƙon hanya, lalle ne ta tanadar mata abin riƙon, domin gireda ba ta tashi sai da mai, lebura kuma ba ya haƙa lambatu sai da lada. A nan ne fa, a ganinmu, masu tsara doka suka yi sakaci, sakacin da ya daɗe har ya zama kamar al'ada.

A da, zamanin En'e, haraji da jangali ake tarawa a baitulmali, daga ciki a fitar da na gyaran hanya, hakimi da dagaci su sa ido idan damina ta wuce. Ba mu ce zamanin ya kuɓuta daga zalunci ba, domin dattawa ba su manta aikin tilas ba. Amma dai kuɗin a gida ake tara shi, a gida ake kashe shi, mai gyaran kuma an san ƙofar gidansa. Bayan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976, da soke haraji da jangali da gwamnatocin Kano da Kaduna suka yi a 1979, sai dogaro ya koma kusan kacokan kan kason da ke fitowa daga asusun tarayya kowane wata.

A tsarin rabon da aka daɗe ana aiki da shi, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi su ɗauki 26.72, ƙananan hukumomi duka su raba 20.60. Wannan kaso kuma, bisa sashe na 162 na kundin, ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yake bi, kuma kowa ya san abin da ya riƙa faruwa a can shekara da shekaru: kafin kuɗi su iso sakatariya an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya, an cire na fansho da na masarautu, an cire na abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, har ya zamana ciyaman, in ya biya ma'aikatansa, abin da ya rage masa bai isa ya sayi tifa goma ta tsakuwa ba.

Yanzu mu dubi dokokin da aka yi musamman domin hanya. A 2002 aka kafa hukumar FERMA domin gyaran hanyoyin tarayya. A 2007 aka yi wa dokarta kwaskwarima, aka ce a riƙa cire kashi 5 cikin 100 na farashin fetur da dizal, a ba FERMA kashi 40 na abin da aka tara, kashi 60 kuma a ba hukumomin gyaran hanya na jihohi. Ku lura, masu sauraro, ɓangaren da ke riƙe da mafi tsawon hanyoyi ba a yanka masa ko sisi ba a wannan rabo, ko da yake ɗan acaɓan da ke bin hanyar burji shi ma man yake saya kamar direban tirela. Tanadin ma ya shekara da shekaru a rubuce ba a aiwatar da shi ba, don haka babu wanda ya ci, amma niyyar mai doka ta bayyana.

Haka abin yake ga sauran dabarun. Sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa da gwamnati ta fara sayarwa a 2017, wanda na farko ya tara naira biliyan 100 aka raba wa hanyoyi 25 a shiyyoyi 6 na ƙasa, hanyoyin tarayya aka nufa da shi. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 7 na 2019, wanda ya ba manyan kamfanoni damar gina hanya a zare musu kuɗin daga harajinsu, a ƙarƙashinsa aka kammala hanyar siminti ta Obajana zuwa Kabba da kamfanin Dangote ya yi. Aiki ne mai kyau, sai dai kamfani hanyar da motocinsa ke bi zai zaɓa, kuma babu laifi a kansa. Waɗannan duk alheri ne, ba mu raina su ba. Abin lura shi ne, idan babbar hanya ta lalace, ko aka rufe ta ana aiki, manyan motoci ratsewa suke yi ta cikin garuruwa, su murƙushe 'yar kwaltar da ƙaramar hukuma ta yi da guminta, kuma babu wata doka da ta ce a biya ta diyya.

Lokutan da aka tuna da karkara, da hukumomi na wucin gadi aka tuna da ita. Janar Babangida ya kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986, ta share hanyoyin burji masu yawa. Janar Abacha ya kafa hukumar asusun amanar man fetur ta PTF a 1994 ƙarƙashin Janar Buhari, aka rushe ta a 1999. Kowacce da ta tafi, sai ta bar wa ƙananan hukumomi gadon hanyoyi ba tare da gadon kuɗin kula da su ba, tamkar magajin da aka bar wa gona mafi faɗi aka ba wani shanun huɗa. Hanyar burji kuwa, kamar yadda duk manomi ya sani, idan aka yi damina biyu ko uku ba a bi ta da gireda ba, ba a yashe magudananta ba, komawa take yi kwazazzabo, asarar kuma ta faɗa kan mai tumatir da ya ruɓe a kwando yana jiran mota.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Hukunci ne mai nauyi, ko da yake zartar da shi ya yi ta jan ƙafa. Amma ko an zartar da shi cif-cif, ba zai wadatar ba, domin bai ƙara ko kwabo a kan kason ba, bai kuma keɓe wani abu domin hanya ba. Kuɗi na iya isa sakatariya su narke a can, tunda cin amana ba a fadar jiha kaɗai yake kwana ba.

Saboda haka muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya, duk ran da aka kawo wani ƙudurin asusun hanyoyi gabansu, su tsaya sai an rubuta wa ƙananan hukumomi kasonsu da suna da adadi, a sharɗanta cewa gyaran hanya kaɗai za a yi da shi, a kuma riƙa liƙa lissafinsa a ƙofar sakatariya. Kai kuma mai sauraro, ka bincika ka san ko hanyar garinku ta wace hukuma ce, sa'an nan ka tambayi kansilanka nawa aka ware mata a kasafin bana.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.