Matsayin Ƙananan Masunta a Gyaran Manufofin Kamun Kifi a Gaɓar Tekun Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon kimanin kilomita 853, tun daga iyaka da Jamhuriyar Benin a yamma har zuwa iyaka da Kamaru a gabas. A wannan tsakani akwai garuruwa da tungaye masu ɗimbin yawa na al'ummomi irin su Egun da Ilaje da Itsekiri da Ijo da Andoni da Ibibiyo, waɗanda su ne sana'arsu ta gado. A shekarar 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa sabuwar ma'aikata mai kula da harkokin teku da arzikin da ke cikinsa, wanda hakan ya sake tayar da maganar gyaran dokoki da manufofin kamun kifi. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana abubuwa uku da rayuwar ƙaramin masunci ta rataya a kansu, wato ruwan da zai yi su, da tudun da zai zauna, da kuma bakin magana a inda ake yanke shawara. Duk gyaran da ya tsallake ɗaya daga cikinsu, ana jin tsoron kada ya zama gyaran gangar Auzinawa.

2.0 Su Wane Ne Ƙananan Masunta?

Abin da ake nufi da ƙananan masunta shi ne masu yin su da kwale-kwale, ko na filafili ko mai ɗan inji, suna amfani da koma da taru da ƙugiya da makamantansu. Galibinsu ba sa yin nisa da gaɓa, kuma jarinsu bai wuce na iyali ko na 'yan uwa da suka haɗa hannu ba. Kifin da suka fi kamawa shi ne bonga, sai kuma ƙananan jatan lande. Da zarar kwale-kwale ya iso gaɓa, aikin ya koma hannun mata, domin su ne masu saye da banda da kai wa kasuwa, kuma sau da yawa su ne ke ba masunta rancen kuɗin mai da na koma. Ta hannunsu kifin banda da busasshen jatan lande ke shiga kasuwannin cikin ƙasa har zuwa Arewa.

A ɗaya ɓangaren kuwa akwai manyan jiragen kamfanoni masu jan taru a ƙarƙashin teku, waɗanda akasari jatan lande suke nema domin fitarwa ƙasashen waje. Ko da yake waɗannan jirage ne ke samo kuɗin musaya, mafi yawan kifin da ake kamawa a cikin gida, na teku da na koguna da tafkuna, daga hannun ƙananan masunta yake fitowa.

3.0 Haƙƙin Ruwa

Dokar farko mai tsara kamun kifi a tekun Nijeriya an kafa ta ne a 1971, sa'an nan aka maye gurbinta da Doka ta 71 ta shekarar 1992. Ƙa'idojin da suka biyo bayan wannan doka sun haramta wa jiragen jan taru yin aiki a cikin mil biyar na teku daga gaɓa, wato kilomita tara da 'yan kai. Haka kuma sun ƙayyade faɗin idon taru: milimita 76 ga masu neman kifi, milimita 44 ga masu neman jatan lande.

Hikimar keɓe wannan yanki ba ta da wuyar ganewa. A ruwa maras zurfi da bakin koguna ne kifaye da yawa ke hayayyafa, kuma a nan 'ya'yansu ke girma. Tarun da ake ja a ƙasa yakan kwashe babba da yaro, ya lalata makwancin kifi, ya kuma yayyaga komar da masunci ya shimfiɗa. To amma a wannan ruwa ne jatan lande ya fi yawa, saboda haka kwaɗayin ƙetare iyaka bai taɓa gushewa ba. Iyakar da aka shata a kan ruwa kuwa ba ta da katanga. Tana buƙatar jiragen sintiri, da na'urar da ke nuna inda kowane jirgi yake, da tara mai nauyin da za ta hana a sake. Idan babu waɗannan, masuncin da aka yaga wa koma cikin dare ba shi da shaida, ba shi kuma da ƙarfin kai kamfani kotu. Bisa ga wannan, aikin farko na kowane gyara shi ne tabbatar da iyakar da ke akwai, tare da samar da hanya mai sauƙi ta kai ƙara da biyan diyya.

Ba jirage kaɗai ke raba masunci da ruwansa ba. A 2008 ɗanyen mai ya malala daga bututun kamfanin Shell a garin Bodo na ƙasar Ogoni, ya kashe kifi da itatuwan fadamar ruwan gishiri inda kifin ke hayayyafa. Sai a 2015, bayan an kai ƙara a wata kotu a Landan, kamfanin ya amince ya biya fam miliyan 55 ga masunta kimanin 15,600 da kuma garin baki ɗaya. Wato sun shafe shekara shida da ɗoriya suna jira, alhali kuwa masunci abin da ya kamo yau shi zai ci gobe.

4.0 Haƙƙin Tudu

Masunci a ruwa yake aiki, amma a tudu yake kwana. Yana buƙatar inda zai ɗaure kwale-kwale, ya shanya koma, iyalinsa kuma su kafa murhun banda. Dokokin kamun kifi ba su cika kula da wannan ba, domin ana ganin al'amari ne na filaye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma ba kasafai tungayen masunta ke da takardar shaidar mallaka ba, ko da kuwa sun gaji wurin kaka da kakanni.

Abin da ya faru a Otodo Gbame, wata unguwar masunta 'yan ƙabilar Egun da ke bakin ruwan Legas, ya isa misali. Tsakanin Nuwamba 2016 da Afrilu 2017 an rushe unguwar, kuma ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta cewa mutane fiye da 30,000 suka rasa muhalli. A watan Yunin 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke hukunci cewa tashin mutane ba tare da shawara da su ko sake musu matsuguni ba ya saɓa wa tsarin mulki, sai dai hukuncin ya zo bayan aikin gama ya gama. Yayin da ake maganar gina sababbin tashoshin jiragen ruwa da gidajen alfarma a bakin teku, wajibi ne manufar kamun kifi ta ambaci wuraren saukar masunta da sunansu, a shata su, a kuma yi musu rajista da sunan al'umma.

5.0 Bakin Magana: Darasi daga Gana

Ƙasar Gana ta fuskanci irin waɗannan matsaloli, kuma abin da ya same ta yana da amfani a nan. Dokarta ta 2002 ta keɓe wa masu kwale-kwale mil shida na teku. Duk da haka sai wata haramtacciyar sana'a da ake kira saiko ta bunƙasa, inda manyan jirage ke kama ƙananan kifayen da masu kwale-kwale suka dogara da su, su daskarar, su sayar a tsakiyar teku. Wani bincike na ƙungiyoyin kare muhalli ya ƙiyasta kifin da aka sauke ta wannan hanya a 2017 da kimanin tan 100,000.

Da kifi ya yi ƙaranci, gwamnati ta sanar da rufe teku na ɗan lokaci a watan Agustan 2018. Masunta suka ƙi amincewa, bisa hujjar cewa ba a yi cikakkiyar shawara da su ba, kuma lokacin ya faɗa daidai kakar kifi. Dole aka ɗage shirin zuwa 2019, bayan an zauna da shugabanninsu. A 2025 kuma ƙasar ta kafa sabuwar doka wadda ta faɗaɗa yankin ƙananan masunta daga mil shida zuwa goma sha biyu.

Hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne ga masunta. A ƙasar Kabi, alal misali, akan hana su a Matan Fada har sai lokacin bikin Argungu ya zo, kuma ana bin wannan hani domin masu ruwan ne da kansu ke tsaron sa. Ƙa'idojin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2014 game da ƙananan masunta sun ƙarfafa wannan tafarki na haɗin gwiwa tsakanin hukuma da al'umma, tare da shigar da mata. Sai dai ƙa'idoji ne na ganin dama, ba su da ƙarfi sai ƙasa ta shigar da su cikin dokarta.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa auna nasarar manufar kamun kifi da yawan tan da aka kama ko kuɗin musayar da aka samu kaɗai bai wadatar ba. Nijeriya na shigo da daskararren kifi mai yawa daga waje, kuma niyyar cike wannan giɓi abin yabo ce. Amma idan aka cike shi ta hanyar ƙara wa manyan jirage lasisi ba tare da tsaron mil biyar ba, ko ta hanyar tashin tungaye, to an rage wa talaka kifin da ya fi sauƙin saye, an kuma ƙara yawan marasa aikin yi a birane. Ya kamata sabuwar doka ta ambaci ƙananan masunta a matsayin masu haƙƙi, ta yi rajistar kwale-kwalensu da wuraren saukarsu, ta kuma ba wakilansu, maza da mata, kujera a kwamitocin da ke ba da lasisi da sa ranar rufe ruwa.