Faɗaɗar Ma'anar Kalmar "Shayi" da Matsalar Zaɓen Marar Kafeyin a Gwarzo da Kabo

Hausa ta aro kalmar "shayi" daga Larabci, asalinta na can nesa kuwa "ca" ce ta mutanen Sin. Da farko ganyen tsiro guda take nufi, wato Camellia sinensis, wanda a Nijeriya ake noma shi a Kakara da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba. A yau ma'anarta ta faɗaɗa har ta haɗiye kusan duk wani abin sha mai zafi: akwai shayin citta, shayin zogale, shayin na'ana'a, har ma da ruwan zafin da aka dama da madara da Milo ba tare da ko ƙwayar ganye ba. Wannan faɗaɗa abar sha'awa ce ga mai nazarin ma'ana, amma ga mai juna biyu ko mai fama da rashin barci da likita ya ce ya rage shayi, ruɗani ce, domin ba a faɗa masa wanne ba.

Abin da likita ke nufi shi ne sinadarin kafeyin, wanda Bajamushe Friedlieb Runge ya fara tacewa daga gahawa a 1819. Kofin baƙin shayi yana ɗauke da kimanin miligiram 40 zuwa 50, koren shayi wajen 30, gahawa kuwa ta kan kai 90. A 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sanya miligiram 400 a rana a matsayin iyakar baligi mai lafiya, 200 kuma ga mai ciki.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan teburin mai shayi a tashar Gwarzo, ko Getso, ko Garo ta Kabo, sai a ga sunayen da aka saba da su ba sa nuna ƙarfin abin da ke cikin kofi. "Ruwan bunu" da "haɗin kauri" sun bambanta ne a madara da kuɗi, amma tukunya ɗaya aka ɗebo su, kuma madara ba ta rage kafeyin. Abin da ke ƙara shi shi ne yawan ganye, da daɗewarsa a kan wuta, da ɗan cokalin Nescafé da direbobin hanyar Kano zuwa Dayi kan ce a barbaɗa musu. Shayin Buzaye ma yana yaudara. Ganyensa kore ne kuma kofinsa ɗan mitsitsi, sai dai ana cika buta da ganye a tafasa shi sosai, don haka zubin farko ya kwashe mafi yawan sinadarin. Mai son ragewa, zubi na uku ya fi dacewa da shi. Da'awar da ake yi cewa ɗauraye ganye na daƙiƙa 30 yana fitar da kafeyin ba ta da ƙarfi, kaɗan kawai ke fita.

Akwai shayin da masana'antu ke cire wa sinadarin, wanda ɗan abin da ya rage a kofinsa bai cika wuce miligiram 2 ba, amma kayan manyan kantunan birni ne, ga tsada. A ganina, mutumin Kabo ba ya buƙatarsa. Zoɓo, citta, kanumfari, kimba da na'ana'a ba su da kafeyin ko kaɗan, kuma suna nan a kowace kasuwar ƙauye. Sharaɗin shi ne a tambaya ko an jefa ganyen Lipton a cikin tukunyar, domin sau da yawa "shayin citta" baƙin shayi ne da aka ƙara wa kayan ƙamshi. Zoɓo kuma yana ɗan saukar da hawan jini, saboda haka mai shan maganin wannan ciwo ya kamata ya sanar da likitansa. Duk wannan lissafi ya tashi a banza idan aka bar shayi aka koma wa goro, wanda shi ma cike yake da kafeyin, amma da yake ci ake yi ba sha ba, ba a cika sa shi a lissafi ba.

Batun gulutin ya fi sauƙi. Furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir, wanda ke lalata hanjin masu cutar siliyak, kuma babu shi a ganyen shayi kowane iri. A teburin mai shayi yana cikin burodi da Indomie. Gero da dawa da masara da ake nomawa a gonakin Gwarzo da Kabo ba su da shi, don haka mai wannan cuta zai iya karyawa da koko ko kunun tsamiya, muddin ba a haɗa garin da fulawa ba.