Taraba, Jihar da Ake Hawa Kamar Tsani

A watan Maris, idan bazara ta kankama, mutumin Jalingo kan ja tabarmarsa zuwa tsakar gida, don ɗaki ba ya kwanuwa. A wannan daren kuma mutumin Gembu yana ƙudundune cikin bargo, ƙofa a rufe, da asuba sai ya ɗumama ruwa kafin ya yi alwala. Jiharsu ɗaya, gwamnansu ɗaya, tafiyar yini guda ce a mota tsakaninsu. Abin da ya raba su shi ne tudu.

A yawancin Arewa, lissafin yanayi ba shi da wuya: kana yin kudu ruwan sama na ƙaruwa, kana yin arewa yana raguwa. Taraba ta ƙara wa lissafin wani abu, wato tsawon ƙasa daga doron teku. Jihar, wadda aka cire daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da faɗin murabba'in kilomita fiye da 54,000, ita ce ta uku a girma bayan Neja da Borno. Amma wanda yake son ya gane ta, gara ya bar maganar faɗi ya dube ta daga ƙasa zuwa sama, domin hawa uku ce.

Hawa na farko shi ne kwarin Binuwai. Kogin ya taso daga tsaunukan Kamaru, ya ratsa Adamawa, ya shigo Taraba ta wajen Lau da Karim Lamido, ya bi ta Gassol ya wuce Ibi, yana neman Lakwaja inda zai haɗu da Neja. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, yawancinta ba ta kai mita 200 daga doron teku ba. Masana duwatsu sun ce wannan kwari tsaga ce da ta buɗe sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da nahiyar Afirka take rabuwa da Kudancin Amurka. Ruwan teku ya taɓa kwanciya a cikinta, shi ya sa har yau ake samun gishiri a Akwana da Arufu na ƙasar Wukari, nesa ƙwarai da kowane teku.

Nan ne zafin yake. A bazara ma'aunin zafi kan doshi 40, damina kuma daga Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara a wajajen Jalingo bai wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba. Sai dai kogi yana biyan abin da rana ta ƙwace. Duk shekara idan ya cika ya janye, yakan bar laka mai albarka a fadamu, inda ake noman shinkafa da rake da masara. A tudun da ke gefe kuma doya ce sarauniya: ga ta Mumuye a gindin duwatsun Zing da Yorro, ga ta Wukari da Ɗan Anacha da tireloli ke kwasa zuwa Kano da Legas. Kusa da Ibi akwai tafkin Nwonyo, inda ake bikin kamun kifi, masunta su yi ta gasar fito da giwan ruwa.

Wanda ya kama hanyar kudu daga Jalingo, ya wuce Garba Chede, ya tsallake Kogin Taraba a Bali, ya shiga hawa na biyu. Ƙasa ta fara tudu da gangare, itatuwa sun ƙara tsayi da kauri, ciyawa ta fi mutum. A ƙasar Kurmi da Ussa da Takum, dajin yakan rikiɗe ya zama kurmi sosai, har ana noman koko da kwakwar manja da ayaba, abubuwan da Bahaushe ya saba jin labarinsu daga ƙasar Yarbawa. Wannan daji ya sha gatari a shekarun baya, lokacin da aka yi rububin sare madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, ana loda ta zuwa ƙasar Sin.

A wannan hawa ne gandun dajin Gashaka-Gumti yake, mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma kansa na arewa ya shiga Adamawa. An kafa shi a 1991, hedikwatarsa tana Serti. Akwai ɓauna da dorina da damisa da gwanki a ciki, da birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi, irin da ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru. A can ƙuryar gandun, kan iyaka, Chappal Waddi yake tsaye, tsawonsa mita 2,419. Babu tsaunin da ya kai shi a duk faɗin Nijeriya.

Daga Serti zuwa Mayo Selbe mota tana gudu yadda take so. Daga nan kuwa sai a hankali. Hanya takan naɗe jikin dutse tana murɗawa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan, direba yana ta sauya giya, kunnuwan fasinja suna toshewa. Kafin a kai Maisamari, wanda ya sauke gilashi a Bali saboda gumi ya ɗaga shi, yana lalube cikin jaka ko ya taho da rigar sanyi.

An iso Mambila ke nan, hawa na uku. Tudu ne da tsawonsa ya kai kimanin mita 1,600 a tsaka-tsaki, wasu wuraren sun fi haka. Babu kurmi sai a lunguna da bakin rafuka, kamar dajin Ngel Nyaki. Saura duk tuddai ne masu santsi lulluɓe da gajeriyar ciyawa, ɗaya na bin ɗaya har iyakar gani, nan da can kuma jerin itatuwan turare da aka dasa don katako da itacen girki.

Me ya kawo sanyin? Iska tana yin sanyi gwargwadon yadda ake yin sama, kusan digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000. Tsakanin bakin Binuwai da Gembu da ke kan tudun akwai tazarar da ta kai mita 1,400, wato digiri 9 ke nan ya zube a hanya. Shi ya sa da wuya zafin rana ya wuce 25 a kan tudun. Haka kuma iskar damina da ke tasowa daga teku, idan ta ci karo da tsaunin sai ta hau, ta huce, ta sauke ruwan da ta ɗauko. Damina a nan tana farawa tun Maris, ba ta ɗaukewa sai wajen Nuwamba, ruwanta kuma ya kusa ninka na Jalingo.

Sanyin nan shi ya tsara rayuwar wurin. Ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore a kwari, ba ya jure shi, don haka Fulani suka hau da garkunansu a ƙarnin da ya wuce suka zauna tare da ƙabilun Mambila da Kaka da sauran manoman da suka tarar, kuma rabon ƙasa tsakanin kiwo da noma ya sha jawo rikici. Jar ƙasar da ta samo asali daga duwatsun aman wuta ta karɓi ganyen shayi, wanda ake nomawa a Kakara ana sarrafa shi da sunan Highland Tea. Ga kofi, ga fiya, ga gwaza da dankalin Turawa. Yankin ma bai zama Nijeriya ba sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama da Arewacin Kamaru ya zaɓi haɗewa da ita. Sunan ƙaramar hukumar, Sardauna, daga wannan tarihin ya fito.

Ruwan da ya sauka a sama, ƙasa yake nufa. Kogin Donga daga Mambila ya taso, Kogin Taraba da jihar ta ci sunansa daga tsaunukan Gashaka, dukansu Binuwai suke zubawa. Wannan gangara ce ta sa aka daɗe ana maganar tashar lantarki ta Mambila, wadda aka taɓa tsara mata megawat 3,050, amma shekara da shekaru tana kan takarda. Wadda aka gina ita ce ta Kashimbila a kan Kogin Katsina-Ala, mai megawat 40, kuma ba wuta ce dalilinta na farko ba. A 1986 tafkin Nyos na Kamaru ya fitar da iska mai guba ta kashe mutum kimanin 1,700, daga baya masana suka yi gargaɗin cewa bangon tafkin na iya ɓallewa, ruwan ya biyo kogi. An yi madatsar ne don ta tare shi.

Mutanen bakin Binuwai kuwa nasu idon yana kan wata madatsar, ta Lagdo, ita ma a Kamaru. A 2012 da 2022 an saki ruwanta a kan damina mai ƙarfi, gonakin shinkafa da gidaje suka nutse daga Lau har Ibi. Tun daga nan, da zarar Agusta ta raba, manomin fadama yakan kafa sanda a bakin ruwa yana duba ta safe da yamma, rediyo a kunne, yana jiran jin ko an buɗe ƙofofin.