Yadda Iyaye Suka Buɗe Wa 'Ya'yansu Masu Nakasar Ƙwaƙwalwa Ƙofar Makaranta a Amurka

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, idan aka haifi yaro da nakasar ƙwaƙwalwa a Amurka, shawarar da likitoci suka fi bai wa iyaye ita ce a kai shi gidan killace nakasassu na gwamnati. Wanda aka bari a gida kuwa, doka a jihohi da dama ta bai wa makarantu ikon ƙin karɓarsa.

Wannan ne ya sa iyaye suka fara haɗuwa a garuruwansu, suna buɗe ajujuwa da kuɗin aljihunsu a ɗakunan aro. A shekarar 1950, wakilan waɗannan ƙananan ƙungiyoyi suka taru a birnin Minneapolis na jihar Minnesota, inda suka kafa ƙungiya ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, wadda a yau ake kira The Arc.

Da tafiya ta yi nisa, iyayen suka fahimci cewa taimakon sa-kai ba zai wadatar ba muddin doka ba ta sauya ba. A shekarar 1971, reshen ƙungiyar na jihar Pennsylvania ya maka gwamnatin jihar a kotun tarayya kan hana yaran karatu. Shari'ar ta ƙare da yarjejeniyar da kotu ta tabbatar a 1972, wadda ta wajabta wa jihar ilimantar da su kyauta.

Wannan nasara na cikin abubuwan da suka share fagen dokar da Shugaba Gerald Ford ya sanya wa hannu a 1975, wadda ta bai wa kowane yaro mai nakasa 'yancin samun ilimi kyauta daidai da buƙatarsa. A lokacin, majalisar dokokin ƙasar ta ƙiyasta cewa yara masu nakasa miliyan 1 ne ba a barin su shiga makarantun gwamnati.

Ƙungiyar na cikin waɗanda suka mara baya ga dokar 1990 da ta haramta nuna wa masu nakasa wariya a wuraren aiki, sufuri da gine-ginen jama'a.

Sunanta ma bai tsira daga gyara ba. Tsofaffin sunayenta na ɗauke da wata kalma da ta rikiɗe ta zama zagi, kuma masu nakasar da kansu suka nuna rashin amincewa da ita. Don haka a 1992 aka jefar da kalmar, aka koma The Arc.

A yau ƙungiyar na da hedikwata a Washington da ɗaruruwan rassa. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ta sa a gaba yanzu shi ne kuɗin kula da masu nakasa a gidajensu da unguwanninsu, domin har yanzu dubban iyalai na shafe shekaru suna jiran layi kafin wannan tallafi ya iso gare su.