Mai jiki a filin rawa: jiya guɗa, yau tsoron TikTok

A bukukuwan aure na Maradi, Damagaram da Yamai, da zarar an saki kiɗa, ƴan mata masu ƙiba da dama kan ja da baya su nemi kujera. Abin da suke gudu shi ne wayoyin salula da ke kewaye da fili. Bidiyon daƙiƙa talatin ya isa ya kai mutum TikTok ko dandalin WhatsApp, inda waɗanda ba su san ta ba za su wuni suna kiran ta lukuta.

A da, mace mai jiki ita ce adon taro. A ƙasar Zabarmawa an san al'adar hangandi, inda mata ke ƙoshi da abinci na tsawon lokaci, wadda ta fi cika ido ta lashe gasar. Larabawan Azawak kuwa sun daɗe suna ɗura wa ƴan mata madara da kunun hatsi kafin aure. A ƙasar Hausa, wurin kiɗan ƙwarya na amada, manyan mata ne ke riƙe fili, ana yi musu guɗa da liƙi. Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, har waƙa ta yi wa duwaiwai, kuma ana jin ta a Maradi kamar yadda ake jin ta a Funtuwa.

Sai dai wannan yabo ma yana da nasa nauyi. Siririyar mace ta sha gori, ana cewa mijinta ba ya ciyar da ita. Daga nan kasuwar ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" ta buɗe. Masu tallar magani a tire suna sayar da dexamethasone da cyproheptadine ba tare da takardar likita ba. Na farkon maganin kumburi ne; idan aka daɗe ana shan sa yakan kumbura fuska da ciki, ya haddasa hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Na biyun maganin borin jini ne da ke buɗe ciki, yana kuma sa barci.

Budurwar yau ke nan tsakanin wuta biyu: gida na son ta cika, intanet na son siririn ƙugu. Samari masu teɓa su ma ba su tsira ba, domin sau da yawa ana tura su fili ne don a sha dariya.

Ƴan Nijar mazauna waje sun ga yadda wasu ke tunkarar lamarin. A Abijan ana gudanar da gasar Awoulaba ta mata masu cikar jiki. A Amurka, shirin da mawaƙiya Lizzo ta yi na neman ƴan rawa masu ƙiba ya ci kyautar Emmy a 2022.

Ta fuskar lafiya, rawa na cikin motsa jikin da ke amfanar kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar yin minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Hakan na taimaka wa zuciya da daidaita suga ko da nauyi bai ragu ba. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini dai ya fara da kaɗan, ya kuma ga likita.

Saboda haka duk wadda tsokana ta kora daga fili ta yi asara biyu, ta farin ciki da ta lafiya. Gyaran yana hannun mahalarta biki: a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi bidiyo, wanda aka turo wa na izgili kuma kada ya tura gaba.