Tiyatar Hanci: Wanda Take Yi wa Amfani da Wanda Ba Ta Yi wa

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda masara da dawa suke cika rumbuna, da wuya kaka ta wuce ba a ji masu kukan toshewar hanci ba. Ƙurar sussuka ce ke fara buɗe fage, sa'an nan hazon hunturu ya ɗora. Galibin irin wannan toshewa takan tafi da kanta. Amma akwai mutanen da rani da damina bakinsu a buɗe yake, barci sai da minshari, ƙanshin abinci ma ya ɓace musu. Su ne akan yi wa zancen tiyata.

Cikin hanci akwai wani shamaki na guringuntsi da ƙashi wanda ya raba kafofin nan biyu. A gefen kowace kafa kuma akwai wasu tudun nama guda uku masu ɗumama iska da jiƙa ta kafin ta kai huhu. Shamakin yakan karkace, ko tun haihuwa, ko don faɗuwa daga babur ko naushin dambe. Tudun naman sukan kumbura su ƙi saɓewa. Wani lokaci kuma tsiro ne mai taushi kamar 'ya'yan inabi yake fitowa daga kogunan ƙashin fuska ya tare hanya.

Gyaran shamakin tsohon aiki ne. A 1904 Gustav Killian na ƙasar Jamus ya bayyana yadda ake ɗaga fatar ciki a cire guringuntsin da ya karkace. Likitocin baya suka lura cewa cire shi da yawa yakan sa karan hanci ya lotsa, sai suka koma ga miƙe shi da rage ɗan abin da ya zama dole. Ta cikin kafar hanci ake yin aikin, ba a barin tabo a fuska. Maganar tsiro kuwa, littafin Walter Messerklinger na Ostiriya da ya fito a 1978 shi ya share fagen shiga hanci da siririn madubi mai fitila. Wani gwaji da aka buga a Birtaniya a 2023, kan mutum 378 masu karkataccen shamaki, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun fi masu feshin magani samun sauƙi bayan wata shida.

To, amma wuƙa ba ta maganin kumburin da ƙura take jawowa. Wanda hancinsa bai jituwa da ƙaiƙayin dawa, ko an yi masa aiki, kaka na zagayowa zai koma gidan jiya. Tsiro ma yakan sake fitowa in an daina feshin da likita ya rubuta. Daɗin daɗawa, maganin ɗigawan nan da ake saye a kemis, irin su Otrivin, in aka wuce mako ana amfani da shi, shi da kansa yake zama sanadin toshewa. Mai irin wannan hali barin maganin yake bukata. Cire belu a wurin wanzami kuwa ba ruwansa da hanci sam.

Toshewar kafa ɗaya tare da yawan haɓo ita ce ba ta son jinkiri, musamman ga saurayi ko dattijo, domin ƙari yakan ɓuya a bayanta. Yaro ƙarami mai majina mai wari ta kafa ɗaya, sau da yawa ƙwayar masara ko wake ya cusa.

Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a manyan asibitoci suke, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Tafiyar ba ƙarama ba ce ga manomin Sabuwa, don haka gara ya tsara ta da kyau. Bayan aiki ana son ya yi kamar mako biyu ba fyace majina da ƙarfi, ba ɗaukar buhu, ba shiga ƙura, shaƙa ruwan alwala ma sai a hankali. Wanda aikinsa ba na gaggawa ba ne, ya roƙi a sa masa ranar da ba ta faɗa cikin sussuka ba.